Ranar da ambiriyaj ya cece mu a hanyar Tasawa

Yau ba maganar tsadar hatsi ko ɗaukewar wuta muka zo da ita ba. Maganar mota ce, kuma ta gidanmu ce. Mun jima muna jan ƙafa wajen rubuta ta saboda akwai abin kunya a ciki, to amma tunda kullum a rediyo mu ke matsa wa mutane su faɗi nasu, yau bari mu faɗi namu.

Mahaifinmu, Allah shi jiƙan shi, ya bar mana mota guda, tsohuwar Toyota Corolla mai giyar hannu, irin waɗanda a da ake saukewa a tashar ruwa ta Kwatano a koro su har Maraɗi. Ba ta da wani kyan gani, rana ta cinye fentin samanta. Amma ita ke kai Inna asibiti awon hawan jini duk wata, ita ke ɗauko buhunan gero daga gona da kaka, kuma duk bikin da ya tashi a dangi ita ake zuwa aro. Da yake aikinmu na sassafe ne da dare, sai muka bar makulli a hannun autanmu, yaro ɗan shekara 22, mai ladabi, wanda ba mu taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Mun san dai yana son mota fiye da kima. In kun je fadarsu da dare, shayi na kan wuta, za ku tarar da kawuna shida sun haɗu kan waya ɗaya suna kallon bidiyon tseren motoci. Ba mu ɗauki abin da zafi ba. Kallo ne, me zai ci wa mutum?

Wata biyu bayan babbar salla aka yi mana rasuwa a Tasawa, wata goggonmu. Muka tashi bayan sallar asuba, Auta na tuƙi, mu a gefensa, Inna da ƙanwarta a baya. Tun da muka wuce Caduwa muka lura motar ba ta tafiya saiti ɗaya. Kowane ɗan rami, kowace tsagar gudro, sai ta fizgi kai ta bi, shi kuma yana ta gyara ta da sitiyari kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Muka ce, "Auta, lafiya motar ga?" Ya ce, "Yaya, iska ce." Bayan Agye wani wari ya fara shigowa, mai kama da an ƙona tsumma da roba a tare. Daf da Gazawa ya fito zai wuce wani kamiyo, ya ba ta wuta, injin ya yi kuka har allurar ta ɗaga, amma mota ta ƙi ƙara gudu. Ga wata bas ta taso daga gaba tana kunna mana fitila. Allah ya taimake shi ya koma bayan kamiyon, ya gangara gefen hanya. Daga nan ko da ya sa giya ta ɗaya, motar ba ta ƙara motsawa ba. Inna ba ta ce komai ba sai salati. Muka tare musu motar haya suka ƙarasa wajen gaisuwa, mu kuma muka kwana biyu muna fafutukar yadda za a jawo Corolla zuwa gida.

Akwai wani dattijon makanike da ke duba motar tun mahaifinmu na da rai. Yaransa na ce masa patoro, mu Baba muke ce masa. Da suka sauke akwatin giya, ya ɗauko faifan ambiriyaj ɗin, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira kuloci, ya miƙo mana. Fatar da ke jikinsa ta cinye har ƙusoshin sun fito, abin da ya rage ya yi baƙi yana ƙyalli kamar gilashi. Ƙarfen da yake mannewa a kai ya yi tabo shuɗi-shuɗi. Baba ya ce, "Wanga disk ɗin ni na sa shi da hannuna bara waccan, kuma mai kyau na, daga Kano aka kawo shi. Ba tsufa ta kashe shi ba. Ƙafa ta."

Sai ya sa yaro ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya ce mu zura hannu mu shafa tayar gaba ta ciki. Daga waje tayar lafiya lau take, zanenta na nan. Ta ciki kuwa, waya ce ta soke mu a yatsa. Duk biyun haka suke. Baba ya dubi Auta ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa ƙafar motar ga?"

A nan ne zance ya fito. Ashe duk ranar Lahadi shi da abokansa suna fita wani fili a bayan gari, su jera jarkoki, su riƙa zagaye su da mota ana duba agogon waya. Sun gani a bidiyo ana cewa otokuros. Sun kuma ga tayoyin motocin a karkace, don haka ya biya wani yaron garaji ya sassauta masa ƙusoshin amortisa ya karkatar da tayoyin, ya kuma buɗe bakinsu, duk da ido, ba awo. Da wannan ƙafar ya yi wata biyu yana yawo da Inna. Baba ya ce da ambiriyaj bai mutu a Gazawa ba, da wuya tayoyin nan su kai mu Tasawa su dawo da mu, kuma fashewar tayar gaba a kan gudu kowa ya san abin da take haifarwa. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Ba za mu ɓoye muku ba, a ranar mun yi faɗan da ba mu taɓa yi masa ba, muka karɓe makulli. Amma da dare ya yi, zuciya ta huce, sai wata tambaya ta hana mu barci: mene ne wannan otokuros ɗin da ya kusa raba mu da uwa? Aikinmu ya koya mana kada mu yi magana kan abin da ba mu bincika ba. Muka yi sati biyu muna karatu da faransancinmu da ɗan ingilishin lise, da rana kuma mu koma wajen Baba mu tambaye shi ko abin da muka karanta ya yi daidai da abin da hannunsa ya sani.

Abu na farko da muka gano shi ne sunan ɗaya ne amma wasan biyu ne. A Turai, otokuros tsere ne a kan da'irar ƙasa da taɓo, motoci da yawa a tare, akwai gasar nahiyar da hukumar FIA ke shiryawa, kuma garin Nova Paka na ƙasar Cek ya yi suna a kanta. Wanda su Auta suka gani na Amurka ne. A can ana samun babban fakin ko filin jirgin sama, a jera ƴan robobi masu launin lemo irin waɗanda ake sawa a kan hanya, su fitar da hanya mai lanƙwasa da yawa. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, abokin hamayyarta agogo ne. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba. Duk robar da ka kayar ana ƙara maka sakan 2. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce babba a harkar, kuma tun 2009 take yin gasarta ta ƙasa a garin Linkon na jihar Nebraska, inda direbobi sama da 1000 ke haɗuwa. Yawancin motocin ƙanana ne na yau da kullum, irin su Mazda Miata da Honda Civic, wasu ma da su ake zuwa aiki ranar Litinin.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne abin da ke faruwa kafin wannan minti ɗaya. Ana duba kowace mota: burki, ƙusoshin taya, ko batir a ɗaure yake, a kwashe duk wani tarkace daga ciki. Babu mai shiga sai da kaske a kai. Direbobi su bi hanyar da ƙafa tukuna su haddace ta. Wanda ba ya tuƙi a lokacin shi ke tsaye yana gyara robobi da tuta a hannu, in wani abu ya gitta a tsayar da mota. Ƴan kallo na can nesa.

To mu dawo kan ambiriyaj, don a nan ne kuɗinmu suka ƙone. Abu uku ne ke aiki tare: disk, wato faifai mai fata, plato, wanda ke matse shi a jikin ƙarfen da injin ke juyawa, da bute, wanda ke ɗage matsin in ka taka feda. In ka saki feda gaba ɗaya, disk a manne yake, suna juyawa tare, ba abin da ke ci. In ka taka har ƙasa, a rabe suke, nan ma disk na hutawa. Duk ɓarnar tana tsakiya ne, lokacin da feda ke rabi, injin na gudu, disk na gogawa. Gogar nan zafi take zama, zafin ya gasa fatar ta yi santsi, in ta yi santsi ta ƙara zamewa, zamewar ta ƙara zafi. Haka abin ke cin kansa har ranar da za ka ba ta wuta ta ƙi tafiya.

Abin da ya ba mu mamaki, wasan na Amurka bai cika cin ambiriyaj ba in direba ya iya. Sau ɗaya ake tashi, a sa giya ta biyu, kuma mafi yawan hanyar a deziyem ɗin nan ake gama ta, ƙafar hagu ba ta da sauran aiki da feda. Shi ya sa masu motar da ba a ƙara wa injinta ƙarfi ba sukan yi shekaru da irin ambiriyaj ɗin da kamfani ya sa. Inda ake wahalar da shi shi ne wani reshen gasar da ake kira ProSolo, wanda motoci biyu ke tashi a tare da fitila, kowa na son ya riga. Su Auta kuwa kullum a ProSolo suke ba su sani ba. Ya ɗaga injin sama, ya riƙa sakin feda a hankali don kada ta mutu a gaban abokai, ya maimaita sau ashirin a yini ba tare da ya bar ta ta huce ba. Ga filin nasu rairayi ne. In ta kafe, maimakon a sauka a tone, a rage iskar taya kamar yadda direbobin Agadas ke yi, a tura, sai ya tsaya a rabin feda yana gurnani har hayaƙi ya tashi.

Auta ya ce ai ya ji akwai ambiriyaj na ƴan tsere da ba ya ƙonewa, a sa masa shi. Akwai shi. Maimakon fata zagaye, ƴan faranti ne huɗu ko shida na wani haɗi mai jure zafi. Amma kamun sa ba lallashi, ko ya kama ko ya saki. A cunkoson bakin kasuwa motar za ta riƙa fizga tana karkarwa, yana cin ƙarfen da yake gogawa, kuma bugun da disk mai laushi ke shanyewa sai ya wuce kan kardan da haƙoran giya. Baba ya yi dariya ya ce, "Ka gyara rufin ɗaki ka rushe katanga kenan." Shawararsa ga kowa ita ce in za a canja a canja ukun tare, a duba ƙarfen injin ko ya yi tabo, a tabbatar mai ba ya ɗiga a kai, sannan a yi ƴan ɗaruruwan kilomita ana lallaɓa sabon kafin a ɗora masa nauyi. Ya kuma koya mana gwaji mai sauƙi: a fili, ka ja burkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki feda a hankali. In injin ya mutu nan take, lafiya. In ya ci gaba da juyawa, fara tara kuɗi. Kuma ku masu aje ƙafa a kan feda kuna tafiya, da masu riƙe mota da ambiriyaj a kan tudu, ku ma wasan Auta kuke yi, naku dai a hankali ne.

Sai maganar ƙafa, wadda ita ce ta fi ba mu tsoro. A garajojinmu paralelizim kawai muke cewa, amma awo uku ne. Na farko karosaj, wato karkatar taya in ka dube ta daga gaba. In mota ta shiga kwana da ƙarfi jikinta na kwantawa waje, tayar waje ta nemi hawa kan gefenta. Ƴan otokuros sukan karkatar da saman taya ciki da digiri 2 zuwa 3, inda dokar ajinsu ta yarda, don in motar ta kwanta tayar ta zauna daram a kan faɗinta. Dabara ce mai kyau ga motar da rayuwarta duk kwana ce. A miƙaƙƙiyar hanya irin tamu, nauyin sai ya tare a gefen ciki.

Na biyu shi ne ainihin paralelizim, wato ko bakin tayoyin gaba na duban juna ko suna duban waje, kamar ƙafafun mutum in ya tsaya. Ƴan wasan kan buɗe su waje kaɗan, milimita ɗaya ko biyu, don motar ta yi saurin amsa sitiyari. Wannan saurin amsawar ce muka ji tun daga Caduwa, motar na bin kowace tsaga. Kuma wannan awon ya fi karosaj cin taya nesa ba kusa ba, don taya ba ta birgima sak, jan ta ake a kaikaice. Mun zauna mun yi lissafi: kuskuren milimita 3 kacal a kan ƙarfen taya mai inci 14 na nufin ana jan kowace taya a kaikaice wajen mita 4 a duk kilomita. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, kamar ka ɗaure taya ka ja ta a kwance kusan kilomita ɗaya a kan gudro mai zafi ne. Na Auta da Baba ya auna da zare ya ninka haka. Na uku shas, wato kwanciyar sandar da taya ke juyawa a kai, irin yadda ƙahon babur ke kwantawa baya. Ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana.

Su can ba da ido suke yin wannan ba. Sukan shafa alli a kafaɗar taya kafin su shiga, in sun fito su duba inda allin ya goge, su san ko taya na naɗewa, su ƙara iska ko su rage. Sukan auna zafin taya a wuri uku, ciki da tsakiya da waje, don su ga ko nauyi ya rabu daidai. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a rubuta a littafi. Kafin duk wannan kuma sai an tabbatar rotil da silambulok ba su yi sako-sako ba, don saita ƙafar da ke rawa zuba ruwa ne a rariya. Da yawansu in motar ce ta zuwa aiki, sukan tsaya kan saiti mai sauƙi ko su maido da shi bayan gasa. Mu namu yaron ya kwafi karkatar taya, ya bar allin da littafin.

Gyaran ya ci mana jikka 140, da ambiriyaj da tayoyi biyu da rotil ɗaya da ya tafi. Kuɗin da muka aje ne don rufin ɗakin Inna kafin damina. Muka ce Auta ba zai ƙara taɓa motar ba. Inna ce ta kira mu bayan sallar isha ta ce, "In ka hana shi taka, ta wani zai ara, wannan kuwa ba ka ganin cikinta. Kai shi wajen Baba ya koyi abin da yake ɓatawa." Haka aka yi. Yanzu wata biyar kenan duk Asabar yana garaji. Shi ya ɗaura sabon ambiriyaj ɗin da hannunsa, Baba na tsaye a kansa. Ya iya saita ƙafa da zare da ma'auni, har maƙwabta sun fara kawo masa nasu ya duba. Yana biyan mu jikka biyar-biyar duk wata daga abin da yake samu. Tsohon disk ɗin kuwa ya rataye shi a ƙusa a fadarsu, ba mu muka sa shi ba.

Da muka kawo zancen a shirinmu na safe, ba tare da mun faɗi gidan da abin ya faru ba, waya ba ta huta ba. Wani ya ce a kama su duka a rufe. Wata uwa ta kira tana kuka, ta ce ɗanta a rakiyar amarya aka take shi, wajen irin wannan juyin mota da samari ke yi a tsakiyar jama'a. Wani saurayi ya ce, "To ina kuke so mu yi? Kun ba mu wuri?" Ba mu da amsar da za mu ba shi a ranar. Har yanzu muna juya ta. Son gudu a jinin samari yake, kuma ƙasar nan ba baƙuwar tseren mota ba ce, manyanmu sun ga Pari-Dakar na ratsa Agadas da Yamai tun 1979. Abin da muka gani a tsarin na Amurka shi ne ba ya buƙatar dukiya mai yawa: fili mai shinge nesa da gidaje, robobi, agogo, kaske, makanike mai duba mota a ƙofa, da izinin hukuma. Ko magadan gari da ƙungiyoyin direbobi da masu garaji za su iya zama a kan wannan? Mun bar muku tambayar, ku da kuka fi mu sanin garuruwanku.

Kafin nan dai ga roƙonmu. Duk mai mota a gida, musamman wanda ya ba yaro makulli, gobe da safe kafin ka fita ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka durƙusa, ka shafa tayar gaba ta ciki. Minti ɗaya ne. Mu ba mu yi ba sai da muka ɗauki Inna muka kai ta Gazawa a kan waya.

Allah shi kiyaye hanya, shi shirya mana zuri'a. Sai mun ji daga gare ku.